Tsohuwar taswirar da ta sa Ƙwanni da Maraɗi a hannun Ingila: kuskure ne ko jabu ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A cikin akwatin takardun marigayi kakanmu mun tarar da wata tsohuwar taswira ta Faransanci, an manna ta a jikin yadi, tana naɗewa. An rubuta "Fort Cazemajou" kusa da Zindar, da "Fort-Lamy" a kudu da Tafkin Chadi. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne iyakar da ke jikinta ta yi baka ta kewaye Sakkwato ta arewa, har Birnin Ƙwanni da Maraɗi suka faɗo ɓangaren Ingila. Gefen da ya kamata a ga shekara ya cinye. Kuskure ne aka yi, ko jabu ce? Kuma ta yaushe ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan kakanku, Ya saka masa da alheri da ya adana wannan takarda. Ba kuskure ba ne. In kuwa yadda ka bayyana ta haka take, ba na zaton jabu ce, ko da yake wannan hukunci sai an riƙe ta a hannu. Iyakar da kuka gani ta taɓa zama iyaka ta haƙiƙa a wurin Ingila da Faransa, amma shekara shida kawai ta yi, daga Yunin 1898 zuwa Afrilun 1904. Sunayen sansanonin sojan nan biyu kuma sun ƙara matse mana lokacin. Bari in bi maka abin daki-daki, domin iyakar arewacin Nijeriya da kudancin Nijar sau uku aka zana ta kafin ta zauna inda take yau, kuma kowane zane da kamanninsa.

Na farko shi ne na ranar 5 ga Agustan 1890. Ƙasashen biyu suka amince da layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, da sharaɗin a lanƙwasa shi yadda duk abin da ke na daular Sakkwato zai faɗa wa kamfanin Ingila da ke ciniki a kogin. Hujjar Ingila ita ce takardun da wakilin kamfanin, Joseph Thomson, ya ce ya ƙulla da Sakkwato da Gwandu a 1885, waɗanda Sarkin Musulmi bai taɓa ɗaukar su a matsayin miƙa ƙasa ba. Waɗanda suka zauna teburin ba su san inda daular ta tsaya ba. Mafi ingancin abin da ke gabansu shi ne taswirorin tafiyar Bajamushen nan Barth, wanda ya ratsa ƙasar Hausa da Barno a farkon shekarun 1850, yana auna tafiyarsa da kamfas da agogo. Firayim ministan Ingila na lokacin, Salisbury, da bakinsa ya faɗa a bainar jama'a cewa suna ta raba wa juna duwatsu da koguna da tafkuna ba tare da sanin takamaiman inda suke ba. Shi ya sa taswirorin tsakanin 1890 da 1898 ba su yi ittifaƙi ba: wani ya ja layin a miƙe, wani ya kumburo shi arewa, gwargwadon ƙasar da aka buga taswirar. Da Bafaranshen nan Monteil ya ratsa Sakkwato da Kano da Kukawa tsakanin 1891 da 1892, bai tarar da wata alamar mulkin kamfanin ba, ya koma gida ya faɗa, daga nan Faransa ta fara jin an yi mata wayo.

Zane na biyu shi ne naku. An sa masa hannu a Faris ranar 14 ga Yunin 1898, bayan sojojin ƙasashen biyu sun kusa gwabzawa a ƙasar Bargu. Ɗauko taswirar ka bi da yatsa. Layin ya tashi daga Kwara, sama kaɗan da Ilo, ya bi kwarin Dallol Mawri har ya haɗu da wata da'ira da aka zana, cibiyarta tsakiyar birnin Sakkwato, nisanta mil 100, wato kilomita 161 ba kaɗan. Ya bi bakan da'irar ta arewa har ya sake saukowa kan layin kwance na digiri 14, ya bi shi gabas mil 70, ya karyo kudu zuwa digiri 13 da minti 20, ya miƙe gabas mil 250, ya koma arewa kan digiri 14, ya ci gaba har tafkin. In taswirarku ta nuna baka sannan waɗannan kusurwoyi masu kama da matakala, to ita ce. Ƙwanni ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba, saboda haka tana cikin da'irar tsundum, haka ma Madawa. Maraɗi ta fita daga da'irar amma tana kudu da digiri 14 a daidai inda layin bai karyo ba tukuna. Duba Magarya ma, za ka same ta a ɓangaren Ingila. Tawa da Tasawa da Zindar su ne suka rage wa Faransa.

Yanzu sansanonin. Kyaftin Cazemajou ya isa Zindar a 1898, aka kashe shi a can a watan Mayu, zamanin Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga. A ƙarshen Yulin 1899 rundunar Faransa ta ci yaƙin Tirmini ta shiga birnin, sansanin da suka kafa suka sa masa sunan mamacin. Saboda haka duk taswirar da ke ɗauke da wannan suna ba ta riga ƙarshen 1899 ba. Fort-Lamy ya fi matsewa. An yi yaƙin Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900, inda Rabe da kwamandan Faransa Lamy duk suka mutu, a watan Mayu kuma jami'in Faransa Gentil ya kafa sansani a tsallaken kogin Shari da sunan Lamy. Shi ne Njamena ta yau, sunan ya canja a 1973. Ka ga ke nan: bayanin da ke jikin taswirarku na tsakanin tsakiyar 1900 ne da Afrilun 1904. In aka yi la'akari da watannin da labari ke ɗauka kafin ya isa Faris a sassaƙa shi a faranti, 1901 zuwa 1904 ya fi kusa. Sai dai ka bar ƙofa a buɗe ta baya, don masu buga taswirar kasuwa da ta makaranta sukan ci gaba da amfani da tsohon faranti shekaru bayan an canja iyaka. Abu mafi sabunta a jikin taswira yana gaya maka lokacin da ba ta riga ba, tsohon abu kuwa ba ya tabbatar da cewa ba a buga ta daga baya ba.

Akwai wata ƙaramar jarrabawa: duba abin da aka rubuta a Kusuri. A shekarun da muke magana garin na ɓangaren Jamus ne, cikin Kamaru, haka ma Dikwa inda Rabe ya gina gidansa mai kama da sansani. In kuka ga an rubuta "Fort-Foureau" a matsayin sunan garin Kusuri da launin Faransa, sai a sake duba lissafin, domin garin bai zauna a hannun Faransa ba sai da Jamus ta rasa Kamaru a yaƙin duniya na farko.

Ga abin da na fi so ka riƙe daga duk wannan bayani. A jikin irin wannan taswira akwai shaida iri biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Launi da layi suna faɗin abin da aka yarda a Turai. Alamar sansani tana faɗin inda soja ya kwana. Tarihin yana tsakanin su biyun. Taswirarku ta shafa wa Sakkwato da Kano da Katsina launin Ingila, alhali a 1901 ba Baturen mulki ko ɗaya a cikinsu. Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900, amma Kano ba ta faɗi ba sai 3 ga Fabrairun 1903, Sakkwato 15 ga Maris, kuma Sarkin Musulmi Attahiru bai yi shahada a Burmi ba sai 27 ga Yulin shekarar. Kusan shekara biyar ke nan da'irar nan tana kan takarda, cibiyarta birnin da ke mulkin kansa. Nemi alamar barikin Ingila a cikin bakan, ba za ka samu a inda ake zato ba, sojansu suna can bakin Kwara da Binuwai. Wannan ne ya sa a Mayun 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙwanni ta karkashe mutanenta a ƙasar da takarda ta ce ta Ingila ce, ba wanda ya tare su sai mutanen garin da ganuwarsu. Taswira ba za ta nuna maka wannan ba. Ba za ta nuna maka Lugu ba ma, inda Sarauniya Mangu ta tsaya musu wata guda kafin nan, ko ta nuna sunan a matsayin ɗigo kamar kowane ƙauye.

Ita kanta alamar sansanin tana da ƙari. Mai zane yakan ba ta ƴar tuta ko tauraro, ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe, mai karatu a Faris ya ɗauka wani katafaren gini ne na dutse. Mafi yawansu ginin ƙasa ne da tubali, da shingen ƙaya, da rumbun gero, da ƴan hafsoshi Turawa ƙalilan. Sojan da ke ciki ƴan Afirka ne: a ɓangaren Faransa akasari daga Senegal da ƙasar Bambara, a ɓangaren Ingila Hausawa da Yarabawa. Abincinsu da dakon kayansu a wuyan ƙauyukan da ke kewaye yake. A gefe guda kuma, ganuwar Kano da zagayenta ya haura mil 10, da ganuwar Zindar ta Sarki Tanimu wanda har igwa aka ƙera masa a birnin, da ribaɗin Wurno na Sarkin Musulmi Bello, duk ɗan zobe ake ba su. Ina ganin wannan ita ce babbar illar da waɗannan taswirori suka yi wa fahimtarmu: sun sa ƙasa mai cike da birane masu ganuwa ta yi kama da fili wanda Bature ne ya fara kafa tsaro a cikinsa.

To me ya sa da'irar ba ta daɗe ba? Ruwa. Da Faransa ta kafa yankin mulkin soja na Zindar a 1900, sai ta tarar ba ta da hanyar da za ta kai kaya daga Kwara zuwa can ba tare da ta taka ƙasar Ingila ba. Bakan ya tura ayarinsu arewa, ta Filinge da Tawa, inda ake doguwar tafiya tsakanin rijiya da rijiya, dabbobi na mutuwa. Daga Zindar zuwa tafkin ma haka, an raba su da kogin Yobe. Sansanin Zindar ya zama kamar gidan da ƙofarsa ke cikin gonar maƙwabci. Tawagar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, ƙarƙashin Elliot da Moll, ta fita auna layin a 1903 zuwa 1904, kuma buƙatar tsaron wannan tawaga na cikin dalilan da Lugga ya bayar na gaggauta yaƙin Kano. Aikin nasu ya tabbatar da abin da hafsoshin Faransa ke kuka da shi. Ranar 8 ga Afrilun 1904, a cikin babban sulhun da ƙasashen biyu suka yi, Ingila ta yarda a sauko da iyakar kudu. Abin da Faransa ta bayar a madadi har da haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can gefen Kanada. Wato makomar Ƙwanni da Maraɗi an haɗa ta a ciniki ɗaya da kifin wani teku da mutanensu ba su taɓa jin sunansa ba.

Amma a nan sai a yi adalci ga tarihi. Ana yawan cewa Turawa sun ja iyakar da ka kawai, wannan gaskiya ne game da 1890 da 1898, bai cika zama gaskiya game da zane na uku ba. Yarjejeniyar 1904 ta ce a yi la'akari da yadda sarautu suke, a bar wa Faransa mutanen Tasawa da Maraɗi da Zindar gwargwadon iko. An fayyace ta a wata yarjejeniyar ta 29 ga Mayun 1906, sannan Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna tambayar sarakuna da dagatai wa ke karɓar harajin wane gari, suka kafa turaku 148 daga Kwara zuwa tafkin. Saboda haka a tsakanin Katsina da Maraɗi, layin ya bi tsohon dajin da ya raba Katsinar Fulani da zuriyar sarakunan Haɓe da suka koma arewa bayan jihadi. Ba ko'ina ya dace ba. Ƙwanni tana bin Sakkwato amma ta tafi Faransa saboda rijiyoyin hanya. Ya raba dangi da kasuwanni da burtali, ba shakka, sai dai ba makaho ne ya ja shi ba, mai neman hanyar ruwa ne.

In kana sha'awar irin waɗannan sansanoni, duba yammacin taswirar, ƙasan Busa. A farkon 1895 Bafaranshe Toutée ya gina sansani a bakin Kwara daura da Bajibo ya kira shi Fort d'Arenberg. Da Faransawa suka janye, kamfanin Ingila ya karɓe wurin ya sa masa sunan shugabansa, Fort Goldie. Wuri ɗaya, suna biyu, kuma sunan da mai zane ya zaɓa yana gaya maka ɓangarensa. A gabas kuma, bayan Ingila ta shiga Barno a 1902, za ka fara ganin Maifoni a taswirori, barikin da Yerwa ta tashi a gefensa a 1907.

Wani abu da ke ruɗa mutane: in ka kwatanta lambobin layin tsaye na taswirarku da na wayarka, za ka ga kamar duk garuruwan sun gusa. Faransawa a lokacin daga Faris suke fara ƙirga, ba daga Girinwic ta Ingila ba, tsakanin su kuwa digiri 2 da minti 20 ne. A ƙasarmu wannan ya kai kusan kilomita 250. Ƙara digiri 2 da minti 20 ɗin a kan abin da ka karanta, sai lissafi ya daidaita. In bayan haka wani gari ya kauce da ƴan kilomita, ba abin mamaki ba ne, da taurari da agogo ake auna wuri. Siffar Tafkin Chadi ma kada ta dame ka. Tafkin yana cika yana janyewa, Tilho ya tarar da arewacinsa yana ƙafewa, Barruwa da aka ɗaure iyakar farko a jikinta a matsayin garin bakin ruwa ba kullum take bakin ruwa ba.

Batun asali ko jabu kuwa, samo gilashin ƙara girman rubutu irin na masu gyaran agogo. Taswirar wancan zamani da dutse ko farantin ƙarfe ake buga ta, layukanta da baƙaƙenta a cike suke, gefensu a tsaye. In ka ga baƙin rubutu ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigogi masu launi daban-daban, kwafi ce ta injin zamani. Takardar lokacin takan yi ja-ja ta yi gautsi, ta fi duhu a bakin naɗi da inda haske ya taɓa. Jabu da aka jiƙa da ruwan shayi launinta bai ɗaya yake ko'ina. Mannawa a yadi alama ce mai kyau, musamman in an yanka takardar gida-gida an bar ɗan tsakani don naɗi, haka ake yi wa taswirar da hafsa ko ɗan kasuwa zai sa a jaka. Duba ƙasan firam ɗin da kyau, ko da gefen ya cinye, sau da yawa sunan mai sassaƙa ko maɗaba'a yana nan da ƙananan baƙaƙe. Na hukumar Faransa sukan ɗauki sunan ofishin taswira na soja ko na ma'aikatar ƙasashen mallaka. Ga mai riƙe da ta Ingila, duba alamar ofishin taswira na sojan Ingila: haruffan I.D.W.O. da lamba suna nuna kafin wajen 1904, T.S.G.S. na ƴan shekarun da suka biyo, G.S.G.S. kuma na bayansu. Juya bayan yadin ma, wani lokaci akwai hatimi ko rubutun hannu. In kuwa akwai alamar fensir ko tawada da wani ya ƙara, hanya ko rijiya ko sunan gari da ajami, kada a goge ko ɗaya. A wurina wannan ya fi bugun kansa daraja, don bugun akwai irinsa a ɗakunan ajiya na Turai, rubutun hannun kuwa babu na biyunsa.

Kada ku sa rai da kuɗi mai yawa, taswirorin farkon ƙarni na 20 an buga su da yawa. Kada kuma wani ya ɗauke ta hujjar rikicin gona ko na iyaka. Kotun duniya, a shari'ar Burkina Faso da Mali ta 1986, ta bayyana cewa taswira ita kaɗai bayani ce kawai, ba ta zama hujjar mallaka sai in an haɗa ta da yarjejeniya a matsayin ɓangarenta. Taku ma layin da ke jikinta an soke shi tun 1904.

Wajen adanawa, roƙona na farko kada a kai ta shagon laminatin. Zafi da roba suna kashe tsohuwar takarda, kuma ba a iya cirewa. Kada a liƙa salatif a inda ta yage, gam ɗinsa yana cin takarda ya bar tabo. A daina yawan buɗewa da naɗewa, musamman da hunturu lokacin da takarda ke bushewa ta karye. A shimfiɗa ta tsakanin farar takarda mai kauri biyu, a ɗaga ta daga ƙasa da jikin bango saboda gara da laimar damina, a nisanta ta da rana. Ku ɗauki hotonta da rana a inuwa, gaba ɗaya sannan yanki-yanki, har da baya da kusurwoyi huɗu, ku raba wa dangi hoton a bar asalin ta huta. Da waɗannan hotuna ma'aikatan gidan adana takardun tarihi na Kaduna ko Gidan Arewa, ko takwarorinsu na Yamai, za su iya kwatanta ta da abin da ke hannunsu, kuma ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya sa taswirorin wannan zamani da yawa a intanet kyauta, ta yiwu ku ci karo da ƴar'uwarta mai cikakken gefe da shekara a jiki.